Abin da Malam Gobe Ya Faɗa a Rediyo

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun da sauran ƙarfinsa ake ce masa Malam Gobe, saboda ba ka zama da shi ko na shan shayi ne bai gaya maka yadda duniya za ta koma nan gaba ba. Ba duba yake yi ba, ba kuma bugun ƙasa ba. Kwamfuta ce ta shiga ransa tun lokacin da yawancin mutanen garin ba su taɓa ganinta ba sai a hoto.

Da can malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Aka tura shi wani ɗan gajeren kwas, can ya fara ɗora yatsa a kan madannai, ya ga harafi ya fito a allo, ya goge shi bai bar ko tabo ba. Ya dawo gida kamar wanda aka yi wa asiri. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye alli, ya kama ɗakuna biyu a saman wani shagon tayoyi, ya jera kwamfutoci masu ƙaton ƙeya, ya rataya allon talla a baranda. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta ce wane mai hankali ne zai saki reshe ya kama ganye. Ya ce mata ta zuba ido kawai.

Ta kuwa gani. Akawuna suka yi ta zuwa, da 'yan mata masu neman aikin sakatariya, da 'yan sanda, har da wani alƙali da yake lallaɓowa da sassafe don kada a gan shi yana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Layi yakan sauko har matakala. Warin roba na tasowa daga ƙasa, janareta na ruri a baranda, ƙarar madannai kuwa kamar ruwan sama a kan kwanon rufi. A shekarun nan in Malam Gobe ya yi magana a taro, ana yin shiru.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta. A ɗakunan nan ta girma, tana zaune a kan matashi biyu don hannunta ya kai tebur, kuma kafin ta gama firamare ta fi duk ɗalibansa sauri. Yakan rufe mata ido da ƙyalle a gaban baƙi, ya yi ta karanto jarida tana bugawa, a duba a rasa kuskure. Mutane suka sa mata 'Yar Yatsu.

Faɗuwar ba ta zo da hayaniya ba. Wayoyi suka shigo, suka yi arha, suka yi wayo, har yaron da bai iya ɗaure wando ba ya iya shafa allo ya nemo abin da yake so. Wa zai hau bene ya koyi yadda ake kunna kwamfuta? Layi ya bar matakala, sannan kujeru suka fara zama babu kowa. Ya mayar da ɗaki ɗaya, bayan 'yan shekaru ya mayar da na biyun, ya kwaso kwamfutocin ya jera su a ɗakin baƙi na gidansa, matarsa ta lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. Zamani riga ne, in ji mutane, shi kuwa sai ya tarar tasa ta yi masa kaɗan.

Abin da ya riƙe masa kai a sama shi ne 'yarsa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya ɗaya, amma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Wani kamfani na ƙasar waje, wanda ba ta taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga cikinsa ba, yake turo mata maganganun da aka naɗa: na likitoci, na lauyoyi, na tarurruka. Ta toshe kunne da abin sauraro, ta mayar da su rubutu, ta tura. Daga ɗakinta na haya take ci da kanta da 'yarta. In hira ta biyo ta kan lalacewar makarantarsa, sai Malam Gobe ya gyara zama ya ce, "Ku je ku ga Uwata."

Wata rana da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Muryar wata budurwa ce, mai ladabi, ta ce daga gidan rediyo take. Suna tono tsofaffin shirye-shiryensu, sai suka ci karo da wata hira da aka yi da shi shekara talatin da wani abu da suka wuce, a kan yadda kwamfuta za ta canza rayuwa. Suna so ya zo a kunna masa, ya ji da kunnensa, ya yi bayani kai tsaye.

Ya ajiye wayar yana murmushi har kunne.

"Kin ji ko? Ashe ba a manta ba."

Matarsa tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. "Ka tuna abin da ka ce a hirar?"

"Gaskiya na faɗa."

"Ni dai na tuna ka ce mini nan da shekara goma kwamfuta ce za ta riƙa gaya mini abin da ya ƙare a kicin. Har yau hancina da idona ne suke gaya mini."

"Ke ai ba a hira da ke."

Duk da haka ita ta ciro masa rigarsa mai ruwan toka daga ƙasan akwati, ta shanya ta warin ajiya ya fita, ta goge ta har sai da karin ya tsaya. Ita ce kuma ta kira 'yarsu ta ce ta zo ta raka shi, saboda gwiwoyinsa ba sa son matakalar bas.

Uwata ta zo da wuri. Ta rame, ya lura, amma ya ɗauka aiki ne ya yi yawa. A cikin bas ya yi ta ba ta labarin ranar waccan hirar, yadda aka turo mota ta ɗauke shi, yadda shugaban gidan rediyon ya fito da kansa ya tarbe shi. Tana ta cewa "haka ne, Baba", tana kallon taga. Da za su sauka ya miƙa mata jakarsa, ta karɓa da hannun hagu.

Wannan karon ba wanda ya fito tarba. Mai gadi ya nuna musu hanya da haɓa. Ɗakin watsa shirin ƙarami ne, an manne bangonsa da soso, sanyin na'ura kamar zai fasa ƙashi. Budurwar da ta kira shi, wadda ita ce mai gabatar da shirin, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce mahaifiyarta ma a wurinsa ta koyi bugu. Tare da ita akwai abokin aikinta, wani saurayi mai faɗin baki, wanda da ganinsa ka san don ya ba da dariya aka ɗauke shi. Aka ɗora wa Malam Gobe abin sauraro a kai, aka matso masa da makirufo. Uwata ta zauna a kujerar waje, yana hangenta ta gilashi.

Jar fitila ta kama. Bayan gaisuwa, mai gabatarwar ta ce a saki kaset.

Bai gane muryar ba da farko. Siririya ce, mai sauri, tana hawa kan kalmomi kamar mai gudun kada a ƙwace masa magana. Muryar ta ce nan da shekara ashirin takarda za ta ɓace daga ofisoshi, jikokinmu sai a gidan tarihi za su ga fayil.

Saurayin ya ɗaga tarin takardun da ke gabansa ya saki a tebur, don masu sauraro su ji ƙarar. "Jama'a, ga gidan tarihi nan a gabana!"

Malam Gobe ya yi dariya tare da su. Ya ce ai an rage, ba a dai gama ba.

Aka saki na biyu. A tsohuwar hirar wani ya bugo waya ya tambaya ko kwamfuta za ta ƙanƙance har ta shiga aljihu. Siririyar muryar ta kwashe da dariya, ta ce, "Ɗan'uwa, ko kwamfuta ta ƙanƙance, yatsun mutum ba za su ƙanƙance ba. Kowane gida zai ware mata ɗaki ne, kamar yadda ake ware kicin, iyali su taru a gabanta da yamma."

Saurayin ya zaro wayarsa ya ɗora a gaban tsohon. Mai gabatarwar ta rufe baki da hannu.

Na ukun ya fi muni. Muryar ta rantse cewa ƙarya ta kusa ƙarewa a duniya. In kowa yana da kwamfuta, kowa zai iya bincika gaskiyar magana da kansa, mai yaudara zai rasa wanda zai yaudara, jita-jita za ta mutu da yunwa.

"Innalillahi," in ji saurayin, yana share hawayen dariya. "Baba, jiya-jiyan nan aka turo mini hoton gawata a waya. Har na fara yi wa kaina ta'aziyya."

Aka buɗe layi. Wata mata ta yi masa godiya, ta ce da takardar shaidarsa ta yi aiki har ta yi ritaya. Wani mutum ya bugo daga cikin hayaniyar titi, ya ce shi ma ɗalibinsa ne, takardar tana nan a bango cikin gilashi, shi kuwa yana kan babur yana neman fasinja. Bai faɗa da zafi ba. Har ya ce a gaida Malam.

"Saura ɗaya, Baba," in ji mai gabatarwar. "Wannan ni ya fi taɓa ni."

Muryar ta dawo, wannan karon a hankali. Ta ce na'ura za ta ɗauke wa ɗan Adam wahala, mutum ya yi aikin rabin yini ya koma cikin iyalinsa. Wanda ya iya kwamfuta ba zai nemi aiki ba, aiki ne zai neme shi har ɗakinsa. "Ina da 'ya ƙarama," in ji muryar. "Ku riƙe maganata. Yarinyar nan ba za ta taɓa tsayawa a ƙofar wani tana roƙon aiki ba."

Malam Gobe ya miƙe zaune. Duk abin da aka yi masa tun ɗazu ya ji ya sauka daga kafaɗarsa. Ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"To, a nan kam ban yi kuskure ba. Kun yi dariyarku, na kuma yarda, mai harbi da yawa dole ya yi kuskure. Amma wannan ta tabbata. Yarinyar ga ta can zaune. Daga ɗakinta take aiki da mutanen da ke bayan teku. Ba ta da maigida a kanta, ba ta bin layin mota da safe. Aiki ne yake sallama a ƙofarta."

Mai gabatarwar ta yi tafi, ta juya wajen gilashi tana yafito Uwata da hannu, ta shigo ta ce wani abu. Uwata ta girgiza kai. Aka sake yafito ta, ta sake girgizawa, ta sunkuyar da fuska. Saurayin ya ce kunya ce irin ta masu ilimi, aka rufe shirin da kiɗa.

Sun fito rana ta take. Malam Gobe yana tafe yana sake maimaita amsarsa, yana tambayarta ko ta ga yadda bakin yaron nan ya mutu. Da suka zo wajen wani kantin magani mai benci a gabansa, sai ta tsaya.

"Baba, mu ɗan zauna."

"Ni ban gaji ba."

"Ni na gaji."

Suka zauna. Motoci na wucewa, wani mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa a gefe.

"Aikin nan babu shi, Baba. Tun kafin damina."

Bai fahimta ba. Ya ce wane aiki.

"Nawa. Sun daina turowa. Da farko suka ce na'ura ce za ta riƙa rubutawa, mu kuma mu riƙa gyara mata kurakurai. Muka yi ta gyarawa. Ashe koya mata muke yi. Da ta ƙware, sai aka sallame mu gaba ɗaya. Na shiga da safe na tarar an rufe shafin."

"Ba su kira ki ba?"

"Wa zai kira ni? Ba su san muryata ba. Lamba ce ni a wurinsu."

"To ai ba su kaɗai ne kamfani ba. Mai saurin hannunki..."

Ta ja hannun rigarta sama. Wuyan hannunta na dama yana ɗaure da bandeji mai tauri, yatsun sun ɗan kumbura, babban yatsan ya lanƙwashe ciki.

"Likita ya ce jijiyar ce ta cinye. In na yi bugu kaɗan sai ya mutu, ko cokali ba na iya riƙewa. Kuma ko da lafiyarsa, Baba, ba mai neman sauri yanzu. Abin da nake yini ina bugawa, kafin ka kurɓi shayi ta gama shi. Na je asibitoci, na je kotu, na je makarantu. Babu ƙofar da ban tsaya ba."

Kalmar ƙofa ta same shi a ƙirji. Ya kalli gefen titi.

"Rabin yinin da ka ce," ta ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wata, "ni ban taɓa ganinsa ba. In sun tashi a can, mu nan muna shirin kwanciya, kuma wanda ya riga amsawa shi ake ba aiki. Yarinyar nan ta girma tana kallon bayana. Ban gaya maka ba ne don na ga shi kaɗai ya rage maka."

"Mamanki ta sani?"

"Ta sani."

Ya tuna yadda matarsa ta ƙi ɗago kai daga farantin shinkafa. Ya so ya ce wani abu, ya laluba, ya tarar duk maganganun da ya saba yi na gobe ne, ba shi da ko ɗaya ta yau. Sai ya ce, "Tashi mu tafi, rana na dukanki."

Bai naɗe hannu ba. Washegari ya sake sa rigar mai ruwan toka, ya fara bin tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun mutu, wasu sun yi ritaya suna jinyar ƙafa, wasu lambarsu ba ta shiga. Wanda ya fi sa rai a kansa shi ne wani da ya zama manaja a kamfanin inshora, wanda a da sai da Malam Gobe ya riƙe masa hannu kafin ya iya jan linzamin kwamfuta.

Manajan ya tarbe shi da mutunci, ya ba shi kujerarsa, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya saurari bayanin har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya tashi ya ɗaga labulen da ke tsakanin ofishinsa da babban zauren ma'aikata.

"Malam, duba nan."

Tebura ne jere har bango, kowanne da kujerarsa a ture ciki. Mutum uku ne kawai a zauren, kowa ya toshe kunne. A kan wani tebur akwai tukunyar fure da ta bushe.

"Da duk cike yake. Wallahi da ina da wuri, 'Yar Yatsu ce ta farko. Ni kaina an ce in shirya, ƙarshen shekara za a haɗe reshen nan da wani. Gemun kowa ya kama wuta, Malam, ruwan shafawa ma babu." Ya saki labulen, ya yi ɗan murmushi. "Na ji ka a rediyo. Yarana sun yi ta dariya."

Ba yaransa kaɗai ba. Wani ya yanko wurin da siririyar muryar take cewa ƙarya ta kusa ƙarewa, ya haɗa da hoton Malam Gobe sanye da abin sauraro, baki buɗe, ya saka kiɗa a ƙasa. Abin ya bi wayoyi kamar wutar daji. In ya fito sayen burodi sai samarin bakin titi su gaishe shi da ladabi, in ya ɗan wuce ɗaya ya ɗaga murya: "Baba, yau ƙarya ta ƙare ko sai gobe?" Wani ma ya sake yin wani, inda aka sa muryarsa tana tallar maganin basir, kalmomin da bai taɓa furtawa ba. Har ƙanwar matarsa ta bugo tana tambaya ko maganin yana da kyau. Ya rage fita.

Aikin da Uwata ta samu daga ƙarshe ba ta hannunsa ya zo ba. Wata maƙwabciyarta ce ta ji ana neman mai kula da wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, a wani gari mai nisa. 'Ya'yan tsohuwar suna ƙasar waje, suna son mace mai hankali wadda za ta kwana da ita, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta ba ta magani. Sun ji daɗi da aka ce ta iya karatu, za ta iya karanta takardar magani.

"Da wannan hannun za ki ɗaga mutum?" in ji mahaifiyarta.

"Akwai na hagu, Mama."

Ta saki ɗakin hayarta. Ta kawo 'yarta, wadda ta fara zama budurwa, da katifa da akwati biyu. Babu inda za a sa yarinyar sai ɗakin baƙi, don haka aka kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Suka zo da kura, suka yaye zannuwan, suka yi ta fito da kwamfutocin suna jibgawa. Ɗaya daga cikinsu ya fasa ƙeyar guda da guduma a ƙofar gida don ya ga yawan jan ƙarfen da ke ciki. Malam Gobe yana zaune a tsakar gida, ya juya wa ƙofa baya, yana jin kowane bugu. Matarsa ce ta yi magana da su har suka tafi.

Ya raka 'yarsa tashar mota da safe. Ta samu wuri a bayan direba, ta ɗora jakarta a cinya. Ya tsaya a jikin taga, hannunsa a kan ƙarfen da rana ta fara gasawa.

"Uwata, abin nan ba zai daɗe ba. Irin waɗannan na'urori, in aka ga kurakuransu, dole a dawo a nemi mutane. Nan da..."

"Baba." Ta ɗora hannunta mai bandeji a kan nasa. "Don Allah bar shi."

Ya bari. Motar ta cika, yaran tasha suka buga bayanta, ta fita.

Tana kira a ƙarshen mako in tsohuwar ta yi barci. Takan ce lafiya lau, sai dai matar tana da nauyi, kuma tana cizo in ana mata wanka. 'Ya'yan sun sa kyamara a kowane ɗaki, suna kallo daga inda suke, wani lokaci sai ta ji murya daga bango tana cewa ta gyara matashi. Hannun hagun ma ya fara tsami. Ba ta maganar dawowa, iyayenta ma ba sa tambaya.

Wata yamma jikarsa ta dawo daga makaranta ta same shi a tsakar gida, matarsa na gefe tana yanka albasa. Yarinyar ta ajiye jaka, ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Kaka, an ce kowa ya zaɓi ɓangaren da zai shiga, kimiyya ko kasuwanci ko adabi. Kuma a faɗi abin da mutum yake so ya zama."

"Me kike so?"

"Ni dai wanda zan samu aiki. Wanda in na gama zan ɗauko Mama."

Matarsa ta dakata da wuƙar. Malam Gobe ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, kamar yadda ya saba buɗewa shekara da shekaru, har iska ta cika masa ƙirji. Ya dubi yarinyar. Yatsunta dogaye ne irin na uwarta.

"Ki tambayi malamanku."

"Sun ce a tambayi iyaye."

Ya murza gwiwarsa.

"Ban sani ba, 'yar nan."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Sannan ta karɓi wayar kakarta, ta koma bakin ƙofar ɗakin baƙi ta zauna, ta yi wa wayar tambayar da baki. Nan take amsa ta fito, doguwa, a jere. Ta fara karantowa da ƙarfi tana bin layi da yatsa, tana tuntuɓe a kan manyan kalmomi.

Matarsa ta share ido da bayan hannu, ta ce albasar bana akwai yaji. Ta tura masa faranti da wuƙa ta ce tunda yana zaune, ya ƙarasa mata, ita za ta duba wuta. Ya karɓa ya fara yankawa, manya-manya, ba yadda take so ba.